Babi na Bakwai: Ƙarin Ƙarfi da Yardar Kamfani

Duk wanda ya sayi mota mai gudu, akwai wata rana da ke jiransa. Takan zo ne bayan 'yan watanni, idan jiki ya saba. Motar da a makon farko in ya taka totur sai ya ji bayansa ya manne da kujera, yanzu yana taka ta har ƙasa amma zuciyarsa ko gezau. Motar tana nan yadda take, sabo ne ya cinye daɗin. Daga nan sai kunne ya fara buɗewa ga hirar abokai: ai wane ya kai tasa an taɓa mata ƙwaƙwalwa ta ƙara doki hamsin, ai injin nan kamfani ne ya ɗaure shi, in aka kwance shi sai ka riƙe sitiyari da hannu biyu.

Abin da ke taka wa mai sabuwar mota birki a wannan gaɓa shi ne garanti. Takardar da kamfani ya ba shi ta ce in inji ko giya suka sami matsala cikin shekarun farko, gyara na kamfani ne, muddin ba a sauya wa motar halitta ba. Taɓa ƙwaƙwalwar inji kuwa sauya halitta ne kai tsaye. Ganin yawan masu wannan sha'awa, sai wasu kamfanoni suka buɗe wata ƙofa: ga ƙarin ƙarfi da mu da kanmu muka gwada, dilanmu ne zai saka maka, kuma garantinka na nan daram. Ƙarin ba shi da yawa, kuɗinsa kuma ya fi na bayan fage. To shin cinikin ya ci kuɗinsa? Don amsa wannan za mu je Ingila, mu dubi abin da ya gudana tsakanin Ford da wani ƙaramin kamfani mai suna Mountune, domin a can alƙaluman a fili suke, kuma a can aka sami abin da ya gwada darajar garantin da gaske.

Daga ina ƙarin yake fitowa?

Injin fetur mai turbo abu uku ne ke tsara ƙarfinsa: yawan iskar da ke shiga silinda, yawan man da ake fesa mata, da lokacin da fulogi ke ba da wuta. Turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma tana cusa iska cikin inji da ƙarfi. Ƙwaƙwalwar mota ce ke yanke hukunci a kan duka ukun, sau da yawa a cikin kowane sakan. In aka sauya mata umarni aka ce ta bar turbo ya ƙara cusa iska, ta ƙara mai daidai da iskar, ta kuma matso da lokacin wuta gaba kaɗan, ƙarfi zai ƙaru ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya a cikin inji ba.

Tambayar da ke biyo baya ita ce, in abin mai sauƙi ne haka, me ya hana kamfani yi tun farko? Tela mai hankali in zai ɗinka wa yaro riga yakan bar rara a cikin ɗinki, don ya san yaron zai girma, kuma bai san irin wankin da rigar za ta sha ba. Haka injiniyoyin kamfani suke barin rara a inji. Mota ɗaya za a sayar a ƙasar da ƙanƙara ke zuba da ƙasar da kwalta ke narkewa don zafi. Wani zai zuba mata fetur mai kyau, wani zai zuba wanda ya samu. Wani zai sauya baƙin mai a kan lokaci, wani sai fitila ta kama. Ga dokar hayaƙi da dole a cika, ga alkawarin cewa injin zai yi ɗaruruwan dubban kilomita. Akwai kuma dalilin kasuwa. BMW, alal misali, a 2019 ta fitar da 320i mai doki 184 da 330i mai doki 258, dukansu da inji mai lita biyu daga gida ɗaya, ko da yake akwai bambanci a wasu kayan ciki. Tazarar da ke tsakaninsu tana taimaka wa kamfani ya sayar da ta biyun da tsada.

Saboda haka masu cewa akwai ƙarfi a ɓoye ba ƙarya suke yi ba. Inda suke yin shiru shi ne a kan abin da rarar ke karewa. Kowane ƙarin iska da mai ƙarin matsi ne a kan fistin, ƙarin zafi ne a kan tof silinda da turbo, ƙarin nauyi ne a kan kuloci da giya. In kuma zafi ya yi yawa ko fetur bai kai ba, man yakan fashe da kansa a cikin silinda ba bisa tsari ba, kuma wannan fashewar ita ce ke fasa fistin. Duk wanda ya ƙara wa inji ƙarfi daga cikin rarar nan yake ɗiba. Bambancin mai ɗiba da mai ɗiba shi ne nawa ya ɗiba, ya gwada ko bai gwada ba, kuma wa zai biya in abu ya lalace.

Ciniki biyu daga shago ɗaya

David Mountain ya kafa Mountune a 1980 a yankin Essex na Ingila. Ya fara da injunan Mini na tsere, daga baya ya yi suna da injunan Ford Sierra Cosworth a gasar motoci. Wannan daɗaɗɗiyar hulɗa ce ta sa Ford ta amince dilolinta su riƙa saka wasu kayan Mountune a motocin titi ba tare da garanti ya faɗi ba.

Ciniki na farko shi ne na Fiesta ST da ta fito a 2013. Ƙaramar mota ce da nauyinta bai kai kilo 1,200 ba, injinta lita 1.6, farashinta a lokacin kusan fam 17,000. A takarda doki 182 gare ta da ƙarfin ja Nm 240, amma in aka take totur ƙwaƙwalwarta takan ba da aron ƙarfi na ɗan gajeren lokaci har zuwa doki 200 da Nm 290. Kayan Mountune masu suna MP215, a kan fam 599 a lokacin, suna kai ta doki 215 da Nm 320.

Aikin ba ya cin wuni a gareji. Makanike zai ɗaga bonet, ya cire akwatin iskar roba da motar ta zo da shi, ya ɗaura na alminiyam mai ƙarin ƙofar shaƙa, ya zura sabuwar matatar iska. Sannan ya shiga cikin mota ya jona na'ura a 'yar kafar nan da ke ƙasan sitiyari, ya ɗora sabon umarni a ƙwaƙwalwa. A ƙarshe a liƙa 'yar alama mai ruwan ɗorawa a bayan mota, a rubuta aikin a takardun motar. Rubutun nan, kamar yadda za mu gani, shi ne mafi tsada a cikin kayan.

A kan titi, abin da direba ke ji shi ne ƙarfin ja, wato yadda mota ke amsawa a tsakiyar gudu. Kana giya ta huɗu a bayan wata babbar mota a siririyar hanyar karkara, ka hango fili ya buɗe, ka taka. Da can sai ka sauko giya ta uku kafin ta zabura, yanzu a huɗun ma tana ɗauka nan take, ka wuce ka koma hannunka da sauran fili a gabanka. Irin wannan direba zai ji shi kullum, a hanyar aiki da hanyar gida, ba sai ya karya dokar gudu ba. Abin da ya ƙara tabbatar da cewa ƙarin bai wuce gona da iri ba shi ne, a 2016 Ford da kanta ta fitar da Fiesta ST200, wadda a ƙololuwarta take ba da doki 215 da Nm 320, daidai da alƙaluman Mountune. Farashinta ya haura fam 22,000, ko da yake an haɗa mata da gyaran giya da na ƙafafu.

Ciniki na biyu shi ne na Focus RS ta 2016, wadda aka ƙera a Saarlouis ta Jamus. Inji lita 2.3, doki 350, duka ƙafafu huɗu suna ja, nauyi sama da kilo 1,500, farashi a lokacin wajen fam 30,000. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa tana ɗaukar sakan 4.7, ƙarshen gudunta kuma kilomita 266. Kayan Mountune masu suna FPM375, a kan fam 899 a lokacin, suna kai ta doki 375, su ɗaga ƙololuwar ja daga Nm 470 zuwa 510, su rage lokacin nan zuwa sakan 4.5.

Mu yi lissafi. Doki 25 a kan 350 kusan kashi 7 cikin 100 ne, kowane doki ya tashi a kan fam 36. Sakan 0.2 da aka rage agogo ne kaɗai zai iya shaidarsa. Game da ƙarshen gudu kuwa, iska ce ke cinye ƙarin: ƙarfin da mota ke buƙata don keta iska yana ninkawa sau takwas duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu. Don haka ƙarin kashi 7 na ƙarfi ba zai ba da fiye da kashi 2 da ɗoriya na gudu ba, wato wajen kilomita 6 a awa, a ƙasar da iyakar gudu a babbar hanya mil 70 ce, kimanin kilomita 113. Focus RS tun daga masana'anta ta fi ƙarfin titin da take bi, ta kuma fi ƙarfin yawancin masu tuƙa ta. Wanda ya saka kayan zai ji ta ɗan ƙara kuzari a tsakiyar gudu, wannan gaskiya ne, amma sabon da ya cinye daɗin doki 350 zai cinye na 375 ma.

Shago ɗaya, yardar kamfani ɗaya, amma ribar ba ɗaya ba. Ƙaramar mota marar nauyi, wadda direba ke iya amfani da duk ƙarfinta a titi, ita ce ƙarin ke yi wa rana. Wadda tun asali ƙarfinta ya yi wa titi yawa, ƙarin ya fi amfani a filin tsere da kuma bakin hira.

Akwai wani abu kuma da labarin Focus RS ke koyarwa. Mountune ɗin nan dai ya fitar da wasu kaya masu suna M400 da ke kai motar doki 400, kuma waɗannan Ford ba ta rufe su da garantinta ba. Injiniyoyi ɗaya, inji ɗaya, amma sa hannun kamfani ya tsaya a 375. Wannan adadi yana gaya maka iya inda wanda ya ƙera injin ya yarda ya sa aljihunsa.

Ranar da takarda ta yi magana

Garanti abu ne da ba a ganin amfaninsa sai ranar da ake neman sa, kuma masu Focus RS sun ga wannan rana. Wasu daga cikinsu sun fara lura da farin hayaƙi yana tuƙuƙi daga salansa in sun tayar da mota da sanyin safiya. Inji ya ɗan yi tari kafin ya daidaita. A buɗe bonet a ga ruwan sanyaya inji ya sauka ƙasa da layi, a cika, bayan kwanaki ya sake sauka, alhali babu ɗigo ko ɗaya a ƙasan mota. Ruwan ciki yake bi: gaskit ɗin da ke tsakanin tof silinda da gangar inji ne ke barin sa ya tsiyaya cikin silinda. Rahotannin 'yan jaridar mota sun danganta abin da cewa an saka wa wasu injunan gaskit ɗin motar Ford Mustang, wadda ita ma ke da inji mai lita 2.3 amma hanyoyin ruwansa daban. A farkon 2018 Ford ta kira motocin da aka ƙera daga Agustan 2015 zuwa Yulin 2017 don a gwada su a sauya gaskit, a sauya tof silinda in ta kama, duk a kyauta.

Yanzu ka kwatanta mutum biyu da suka shigo garejin dila da farin hayaƙi a watannin da kamfani bai riga ya amsa laifinsa ba. Na farko FPM375 ne a motarsa, da rubutu a takarda. Babu wata doguwar magana, dila ya san kayan, kamfani ya amince da su, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na biyu a bayan fage aka ƙara masa doki hamsin a kan rabin kuɗin. Laifin da ke injinsa daga masana'anta ya zo, ƙarin da ya yi ba shi ya jawo ba. Amma da me zai tabbatar? Gaskit na daga cikin abubuwan farko da ƙarin matsi ke ci, don haka duk wanda ya duba zai fara zargin ƙarin. Yana da gaskiya amma hujja ta yi masa nisa, kuma abin da ake jayayya a kai aikin dubban fam ne.

A nan darajar yardar kamfani take. Kariyar da take bayarwa ta wuce ɓarnar da ƙarin ƙarfin zai iya yi da kansa, ta haɗa da duk wani laifin masana'anta da ke kwance a inji ko giya wanda babu wanda ya san da shi ranar da aka sayi motar. Mai ƙarin bayan fage ya ɗauki nauyin kuskurensa, ya kuma ɗauki nauyin kuskuren wasu.

Kowa yana cewa da garanti

Masu sayar da ƙarin ƙarfi sun san abin da mai saye ke son ji, don haka kusan kowa zai ce nasa da garanti. In aka tona, iri uku ne.

Na farko shi ne wanda kamfanin da ya ƙera motar ya bar garantinsa a tsaye. Kayan MP215 da FPM375 da muka ambata suna cikin wannan rukuni, haka kayan M Performance na BMW da na John Cooper Works na Mini, da kuma gyaran ƙwaƙwalwa da dilolin Volvo ke sakawa na Polestar, kamfanin da Volvo ta saya a 2015. In abu ya lalace, ƙofa ɗaya za ka ƙwanƙwasa.

Na biyu shi ne wanda mai ƙarin ya ce shi zai tsaya a madadin kamfani. Dinan, da Steve Dinan ya kafa a Kalifoniya a 1979, ya yi suna da wannan a motocin BMW a Amurka: yana ba da nasa garantin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da na kamfani, shekara 4 ko mil 50,000. Tsari ne mai kyau, amma ƙarfinsa daidai yake da ƙarfin aljihun mai shi, kuma in an sami saɓani a kan musabbabin lalacewa, kai ne za ka tsaya tsakanin kamfanoni biyu.

Na uku shi ne na fatar baki: kar ka damu, ba sa ganewa, in za ka kai ta gyara ka dawo mu mayar maka da ita yadda take. Wannan shawara tana da aibi biyu. Na ɗaya, suna ganewa. Ƙwaƙwalwar mota tana ajiye bayanin yadda injin ya yi aiki da sau nawa aka sake mata umarni. A rukunin Volkswagen, wanda Audi ke ciki, in kwamfutar dila ta gano an taɓa ƙwaƙwalwa sai a yi wa motar lamba TD1, lambar kuma ta zauna a rumbun kamfani ko da an goge ƙarin. Na biyu, ko da ba za su gane ba, ɓoye abin da ka yi don wani ya biya kuɗin ɓarnarsa ha'inci ne. Wanda ya zaɓi ƙarin da ba a amince da shi ba yana da 'yancin yin haka da motarsa, sharaɗin dai ya shirya biya daga aljihunsa.

Wasu a Amurka sukan dogara da dokar Magnuson-Moss ta 1975, wadda ta hana kamfani soke garanti don kawai an saka kayan wani, sai in kayan ne suka jawo lalacewar. Dokar tana da amfani: in na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, ba za a ce ƙarin ƙarfi ne ya kashe ta ba. Amma in fistin ya fashe a injin da aka ƙara wa matsi, kamfani ba zai sha wuya wajen haɗa wannan da wancan ba.

Agogon da ke tafiya

Garanti yana da ajali. Na Ford a Ingila shekara 3 ne ko mil 60,000, duk wanda ya riga zuwa, kuma saka kayan da aka amince da su ba ya sake ƙirga shi daga farko. Wanda ya saka a watan farko ya sayi kariyar kusan shekara uku. Wanda ya saka saura wata huɗu garanti ya ƙare, kuɗi ɗaya ya biya amma kariyar wata huɗu ya samu. Bayan ajalin, abin da ya rage masa shi ne sanin cewa ƙarin nasa mai matsakaici ne kuma an gwada shi sosai. Wannan ma abu ne mai daraja, yakan kuma kwantar da hankalin mai saye ranar da za a sayar da motar, amma darajarsa ba ta kai ta farko ba.

Sannan kuɗin kayan ba shi ne ƙarshen kashewa ba. A Ingila dole mai mota ya sanar da kamfanin inshora duk wani sauyi, ko da kamfanin mota ya amince da shi, in ba haka ba ana iya hana shi diyya ranar haɗari, kuma sanarwar takan ɗaga kuɗin inshora. Alƙaluman da ake tallatawa da fetur mai daraja ake samun su, mai lambar oktan 97 zuwa sama, wanda ya fi na yau da kullum mai 95 tsada. Tayoyin gaba na mota irin Fiesta, waɗanda su ke ja su ke juyawa, za su riƙa cinyewa da wuri, kuloci ma haka.

Ya kamata kuma a tambayi abin da kuɗin zai iya yi a wani wurin. Duk ƙarfin inji ta tayoyi huɗu yake isa ƙasa, kowace tana taɓa kwalta da abin da bai fi tafin hannu ba sosai. Tayoyi masu kyau suna gyara tashi da kwana da tsayawa a lokaci guda, ƙarin doki kuwa tashi kaɗai yake gyarawa. Birki mai jure zafi shi ke ba direba damar amfani da gudun da yake da shi. Wuni guda a filin tsere tare da malamin tuƙi yakan rage wa sabon direba lokacin zagaye fiye da abin da doki 25 za su rage, kuma ilimin yana bin sa zuwa kowace mota da zai tuƙa nan gaba, har da ranar da yaro ya faɗo masa titi ba zato.

Motar lantarki ta sauya tambayar

A motocin lantarki ko gareji ba a zuwa. A ƙarshen 2019 Tesla ta fara sayar wa masu Model 3 mai dogon zango ƙarin zabura a kan dala 2,000, ta waya ake biya, umarnin ya sauka ta intanet, lokacin kaiwa mil 60 a awa ya sauko daga sakan 4.4 zuwa 3.9. A 2022 Mercedes ta sanar da irinsa ga wasu motocinta na EQE da EQS a Amurka a kan dala 1,200 duk shekara. A 2025 Volkswagen ta sa wa masu ID.3 a Ingila fam 16.50 a wata don buɗe ƙarfin da ke cikin motarsu. Garanti a nan ba abin damuwa ba ne, tunda kamfani ne mai kullewa kuma shi ne mai buɗewa. Abin dubawa shi ne adalcin cinikin. Mountune ya ƙera kaya, ya yi gwaji, ya gano abin da ba ya cikin motar a da. Mai karɓar kuɗin wata-wata kuwa haya yake ba ka ta abin da ka riga ka saya da kuɗinka. In har za a biya, biya sau ɗaya wanda zai zauna da motar ya fi hankali.

Ga mai 'yar Kwatano

Yawancin motoci masu gudu da ke yawo a Kano da Kaduna da Abuja da Yamai na hannu ne, sun shigo ta Legas ko Kwatano bayan sun yi shekaru a Turai ko Amurka. Garantinsu ya ƙare, wanda bai ƙare ba ma da wuya ya tsallako teku. Saboda haka rabin ribar da muka lissafa ba ta shafi mai irin wannan mota ba. Sauran rabin ma da sharaɗi, domin an gwada waɗannan kaya ne da fetur mai daraja, wanda samun irinsa a gidajen manmu ba tabbas ba ne. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, da fetur ɗin da ba a san asalinsa ba, su ne ainihin abubuwan da injiniyoyi suka bar rarar nan dominsu. Mai mota a nan ya fi kowa buƙatar rararsa. In yana jin motarsa ta yi nauyi, ya fara da sabbin fulogi na asali, matatar iska, wanke lagireto da na'urar sanyaya iskar turbo, da baƙin mai irin wanda kamfani ya rubuta. Sau da yawa dawakin da yake nema nasa ne da rashin kula ya kwantar.

Hukunci

Ƙarin ƙarfi da yardar kamfani ya ci kuɗinsa in abubuwa uku suka haɗu. Motar tana da sauran garanti mai tsawo. Ƙarin yana zuwa ne a tsakiyar gudu, a motar da ake iya more ƙarfinta a titi ba tare da an jefa ran kowa cikin haɗari ba. Kuma tayoyi da birki da hannun direba sun riga sun sami haƙƙinsu. Sabuwar Fiesta ST da MP215 ta cika waɗannan cikin sauƙi. Focus RS da FPM375 ta cika na farko sosai, na biyu kuwa da ƙyar, don haka wanda ya bar tasa yadda ta zo bai yi asarar komai ba. Amma ga wanda ya riga ya ƙudurta sai ya ƙara, kuma motarsa na cikin garanti, doki 25 da sa hannun kamfani sun fi doki 50 da babu mai tsaya musu, ko da na farkon ya ninka kuɗi.

Kafin ka miƙa kuɗi, nemi amsar tambayoyi huɗu a rubuce: wa zai biya in inji ya lalace, waɗanne sassa alkawarin ya rufe, zuwa wace rana ko wane adadin tafiya, kuma shiga filin tsere yana soke shi ko ba ya sokewa. In mai sayarwa ya kawo takarda mai sunan kamfanin da ya ƙera motar, sai ka zauna ka yi lissafinka. In ya ce ka yarda da shi kawai, riƙe kuɗinka ka kai su wajen mai taya.